Rumbun Wanke da Arzika Ya Mayar Sefa

Faɗan da ba na mantawa tsakanina da Arzika a kan tsokar nama ne. A lokacin ina sayar da tuwo a tashar motar Gusau, shi da Zakariya kuma suna da benci ɗai-ɗai a gindin dalbejiya, taku goma daga murhuna, suna canjin kuɗi. Ranar na zuba musu tuwon dawa da miyar kuka, kowa da kwanonsa. Arzika bai kai loma baki ba sai da ya leƙa kwanon Zakariya.

"Gwaggo, nashi tsoka uku."

"Naka fa?"

"Biyu da ƙashi."

"Shi ƙashin a jikin icce aka saro shi?"

Ya ture kwanon har miya ta ɓata masa riga. Wai shi ɗan wana ne, jinina, amma na fifita bare a kansa a gaban mutane. Na ce masa, "Kai dai tun kana goye haka kake. In uwarka ta ba ka nonon dama, idonka na kan na hagu." 'Yan kamasho suka kwashe da dariya. Kwana tara bai ci tuwona ba. Ya koma wurin wata Banufiya a tsallaken titi, yana ci yana hararar rumfata.

Ɗan fari ne a wurin wana Garba, manomi a Wanke. An haife shi shekarar da gero ya yi har aka rasa inda za a zuba, shi ya sa sunan Arzika ya bi shi. Noma bai taɓa shiga ransa ba. Yana tasawa ya gudo Gusau ɗaukar buhun gyaɗa, daga nan ya riƙa raka fatake masu zuwa Maraɗi sayen kanwa da jakai, har ya gane cewa wanda ke zaune a inuwa yana musanya musu kuɗi ya fi su hutawa. Bai yi boko ba, amma in ka miƙa masa takardar kuɗi ya murza ta tsakanin yatsu biyu, zai gaya maka ta wace ƙasa ce, ta gaske ce ko ta bugu. Kuma a faɗi gaskiya, bai taɓa cutar kowa da ko anini ba. Hannunsa mai tsabta ne. Idonsa ne ba ya zama a kwanonsa.

Shi kuwa Zakariya ɗan wani ma'aikacin jirgin ƙasa ne daga kudancin Zariya, Kirista, amma a Gusau ya yi wayo, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Shekara bakwai suna gindin icce ɗaya. Ranar Lahadi in Zakariya ya tafi coci, Arzika ke tsare masa benci. Ranar Juma'a shi ma ya rama masa. Da za a bar su su biyu a matsayi ɗaya har abada, da ba a ji kansu ba.

Abin da ya kamata a sani shi ne, farashin canji ba a Gusau ake yanka shi ba. A bakin direba yake zuwa. Motar da ta taso daga bakin iyaka ta iso da hantsi, tun ba a kashe inji ba 'yan canji sun kewaye direba: "Yaya sefa ta kwana?" Abin da ya faɗa shi ne farashin yini. Daga Gusau kuma maganar ta hau wata mota ta nufi Bungudu, wata ta nufi Tsafe, ta isa ga dillalan shanu da masu kanwa, waɗanda su ma ba sa rabuwa da sefa a aljihu. Shekara da shekaru abin yana tafiya kamar tsohon jaki, yau ya ƙara kwabo, gobe ya rage.

Sai ga shekarar da aka canja kuɗi, aka karɓe fam da sule aka ba mu naira da kwabo, shekara ɗaya bayan an canja hannun mota. Ba mu gama sanin wace takarda ce wace ba, sai labari ya zo wai dalar Amurka ta faɗi. Na ce to, Allah Ya ba ta lafiya, mu ina ruwanmu? Ashe da ruwanmu. Zakariya ne ya taɓa yi mini bayani yana suɗe kwano. Ya ce, "Inna, kuɗin duniyar nan ɗaure suke da juna kamar raƙuman ayari. Tamu nairar an ɗaura igiyarta a wutsiyar dala. Sefa kuwa tana bin kuɗin Faransa. In na gaba ya yi tuntuɓe, na baya sai ya ji a wuyansa." Ni dai abin da na gani da idona ya fi kama da zabi. Ɗaya ta ga inuwar shaho ta yi kuka, duk garken ya watse, har wadda ke bayan ɗaki ba ta ga komai ba. Kuma ko shahon ya wuce, yini guda suke yi ko ganye ya faɗo sai sun zabura.

A wannan zaburar naira ta yi sanyi, sefa ta yi tsada. Kuma a daidai lokacin Zakariya na kwance a gida. Ya tara sefa mai yawa da niyyar zuwa Maraɗi ya sayo wa matarsa Rifkatu keken ɗinki da atamfofi ta fara sana'a, ana jibi zai tafi kurkunu ya fito masa a ƙafa. Wata biyu yana kan tabarma ana naɗe tsutsa a tsinke, sefar na cikin akwati ba wanda ya taɓa ta. Ranar da ya dogara sanda ya dawo tasha, ya tarar abin da ke akwatinsa ya haihu. Ya sayi keken ɗinkin a nan Gusau, ya rufe ɗakinsa na Tudun Wada da kwano, ya kuma sayi jan babur.

Ni ma ba zan ce raina bai sosu ba. Shekara talatin ina shaƙar hayaƙi, ɗakina in an yi ruwa sai na tara ƙwarya, ga Rifkatu na kwana ƙarƙashin kwano saboda tsutsa. Amma ni na yi tsaki na koma kan tukunyata. Arzika bai koma ba.

Tun daga kwanar asibiti yake gane ƙarar babur ɗin. Da ya jiyo ta sai maganar da ke bakinsa ta tsinke. Zakariya ya iso ya kafe babur a inuwa, ya ciro tsumma ya goge tanki, Arzika na amsa gaisuwa yana kallon ƙasa. In Zakariya ya ce, "Zo in kai ka gida mana," sai ya ce ƙafarsa na son motsi. Rannan Saude, matarsa, ta yi kuskuren cewa ɗinkin Rifkatu ya yi kyau, ya hana ta kai ɗinki can, ta koma kaiwa wani tela da ke ɓata mata zane.

Abin da ya fi cinsa shi ne ya ƙi yarda sa'a ce. Ya zo ya tsuguna kusa da murhuna ya ce, "Gwaggo, ke kin ga kurkunun da idonki?"

"Na gani. Har warinsa na ji."

"Dabara ce. Ya ji labari a rediyo da Turanci, ya shige ɗaki don kar mu gane."

"Watau ya kira tsutsa ya ce shiga ƙafata, sefa za ta tashi?"

"Ke ba ki san mutanen boko ba."

Ya je ya sayo rediyo wadda ta fi ta Zakariya girma, ya ajiye a kan benci tana ta surutu, rabin abin da take faɗa ba ya ji. Jarinsa kuwa ƙarami ne. Ko sefa ta tashi sau goma, abin da zai samu ba zai sayi tayar babur ba. Nan idonsa ya koma Wanke.

A gidan wana Garba akwai rumbu uku da ake ci daga ciki, akwai kuma na huɗu a bayan gida, na ƙasa, irin wanda muke kira ruhewa. Shi wannan tun zamanin kakanmu ba a cin abin da ke cikinsa. Kowace kaka a kwashe tsohon gero a zuba sabo, a liƙe bakinsa da laka, babban gida ya danna tafin hannunsa a kan lakar tun tana ɗanya. Ba a fasa shi don biki, ba a fasa shi don haraji. Sai shekarar da sama ta hana. Garba ya rasu shekara biyu kafin nan, hannun da ke kan lakar ya zama na Arzika, ko da yake ƙanensa Mas'udu ne ke noman gandun yana ciyar da baki ashirin da uku.

Daminar wannan shekara ruwa ya ɗauke tun gero na ciki. Abin da aka girbe bai cika rumbu ɗaya da rabi ba. Duk mai hankali ya san shekarar ruhewa ta zo. Arzika shi ma ya sani, amma abin da ya gani daban: tiyar gero ta ninka kuɗinta a kasuwa. Ya hau mota ya tafi Wanke da buhuna a naɗe.

Mas'udu ya tare shi a bayan gida. "Yaya, yanzu muke kaka. Me za mu ci da bazara?"

"Da bazara zan cika maka irin wannan biyu."

"Da me?"

"Da abin da ba ka sani ba. Kai dai ka san fartanya."

"Baba bai taɓa sayar da shi ba."

"Baba ya mutu bai taɓa hawa babur ba. Hannun wa ke kan lakar nan?"

Mas'udu ya matsa gefe, don ba a ja da babban wa a gaban mata. Arzika ya ɗauki gatari da kansa ya fasa. Kwana huɗu matan gidan suna sussuka, ba mai waƙa. Ya loda a mota ya kawo Gusau, ya sayar kafin azahar, ya mayar da kuɗin sefa kakaf, ya ɗinke su a wata jakar fata da yake ɗaurawa a ciki ƙarƙashin riga.

Zakariya ya ga abin da ya yi. Ya matso da bencinsa ya ce, "Arzika, wannan hawan da sefa ta yi ba ta da sauran nisa. Mayar da rabi naira ka sayi hatsi tun yanzu."

Arzika ya yi murmushi. A ransa ya ce, ga shi nan, ya tsorata, ba ya son a yi babur biyu a gindin icce ɗaya. A fili ya ce, "Na gode, malam likitan kurkunu."

Mako uku sefa na ƙara ɗan hawa. Arzika ya sayi sabuwar hula. Har ya je ya tsaya a shagon masu babur ya tambayi ko akwai wanda ya fi ja tsada.

Sai abu ya juya ta inda bai sa ido ba. Aka ce man fetur ya yi daraja a duniya, naira ta fara ɗaga kai. Aka ce kuɗin Faransa ya yi rauni, sefa kuwa ta bi shi kamar maraƙi. Na uku kuma ba a rediyo aka ji shi ba, a tasha muka gan shi: mutanen arewa na tsallaken iyaka da fari ya kora suna sauka mota-mota, kowa da sefa a hannu, ba mai son komai sai gero. Mai yunwa ba ya ciniki. Duk yadda aka yanka musu haka suke bayarwa. Direba ya iso da hantsi ya faɗi farashi, na azahar ya iso ya faɗi wanda bai kai shi ba.

Arzika ya yi kwana uku yana cewa za ta dawo. Rana ta huɗu ya yi dabara. Ya ce labari a mota yake tafiya, to bari ya riga labarin. Ranar kasuwar Bungudu ce. Ya shige motar farko ya zauna kusa da direba don kar wani ya yi magana da direban. Suna isa ya dira ya nufi kara, inda dillalan shanu ke zama, ya yi sallama a tsaye ya ɗaga riga ya kwance jaka.

Wani dattijon dillali ya dube shi tun daga hula har takalmi. "Ba kai ne na gindin dalbejiya ba? Zauna mana a gaisa."

"Sauri nake, Baba. Sefa ce, duka zan sayar."

"Duka?" Dattijon ya juya ya dubi 'yan uwansa. "Ɗan canjin Gusau ya baro Gusau da gumi a goshi, ya kawo wa Bungudu sefa. Yaro, me ya faru can?"

"Ba komai."

"To in ba komai, mu ma ba ma saye yau."

Kafin ya gama ɗaure jakarsa, maganar ta zaga kara. Waɗanda ke da sefa a aljihu suka fara neman wanda zai karɓa. Farashin da ya gudo wa a Gusau, ya bar Bungudu da wanda bai kai shi ba. Ba direba ne ya kai labarin ba. Shi ya kai shi da fuskarsa.

Da kasuwar Tsafe ta zagayo ya sake shiri. Ya ji rediyonsa na cewa man nan ya cika Larabawa da dukiya, sai ya ce to riyal ce mafaka, zazzaɓin sefa ba zai tsallake teku ba. Akwai wani Alhaji mai shagon yadi a Tsafe da aka san yana ajiye riyal saboda maniyyata. Wannan karon Arzika ya zauna, ya gaisa, har ya sha ruwa. Amma da aka zo magana ya kasa riƙe bakinsa. Ya ce ko nawa ne a ba shi. Alhajin ya sayar masa da kashi na farko, ya ce sauran na gida. Da aka ɗauko na gidan sun ƙara kuɗi. Na ukun da aka karɓo wurin maƙwabci sun fi na biyu. Riyal na tsada a hannunsa yana kallo, shi kuma yana murna wai alama ce ta zaɓi daidai.

Motar da ta dawo da shi Gusau ita ta dawo da zancen cewa a Tsafe ana wawar riyal, sefa ta mutu. Washegari tasha ta rikice. Masu sefa na neman riyal, masu fam ɗin Ingila suka ce to mu ma kar a bar mu a baya, fam da ba abin da ya same shi ya kama rawa. Mutum ya yi ciniki da hantsi ya dawo da azahar yana zagi. Zakariya ya rage abin da yake riƙewa, duk abin da ya saya da safe ya rabu da shi kafin la'asar, duk da haka ya ƙone yatsa sau biyu. Mako guda riyal na sama. Arzika ya sake sa sabuwar hular.

Abin da ya manta, kowace tsohuwa a gari ta san shi: alhazai na hanya. Jirage suka fara sauka, aka yi ta ɗebo alhazan zuwa Gusau da buta da darduma, kowanne da ragowar riyal a lalita yana son naira ya yi walima. Mai sayen riyal kuwa sai wata goma sha ɗaya nan gaba. Ta faɗo kamar an tsinke guga.

Duk wannan gudun da ake yi tsakanin takarda da takarda, gero bai tsaya jiran kowa ba. Da bazara ta kama, Arzika ya mayar da abin da ya rage naira ya shiga kasuwar hatsi. Bai samu kashi ɗaya cikin uku na abin da ya fitar daga Wanke ba.

Na je Wanke a wannan bazarar. Na tarar ana dafa tafasa da dusa. An tura yara shida dangin uwayensu. Irin shuka ma an daka shi an sha. Ruhewa na tsaye a bayan gida baki buɗe, kaji na shiga suna fita. Ba wanda ya mutu, alhamdu lillahi, amma awaki sun ƙare, sa ɗaya da ake huɗa da shi ya tafi. Ruwa na sauka Mas'udu ya tara dattawan unguwa ya ce a raba gandu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce shi dai ba zai sake noma abin da hannun wani zai rufe ba. Aka ja igiya a gonar da tun kakanmu ba a taɓa ja mata igiya ba. Gidan da ake dafa tukunya ɗaya ya koma uku.

Arzika ya dawo tasha ya zauna wata biyu a bencinsa, ba jari. Zakariya ya ce ya zo su haɗa benci, ya riƙa duba masa takardu da yatsun nan nasa, a raba riba. Arzika ya ce ya gode, shi ba yaron kowa ba ne. Ya sayar da rediyon, ya mayar da Saude da 'ya'ya Wanke kan ɗan rabon gonarsa, ya ce zai tafi Kano inda manyan 'yan canji suke, ba zai dawo ba sai a cikin mota tasa ta kansa. Tun daga ranar ban sake sa shi a ido ba. Wasu sun ce sun gan shi a Fagge, wasu sun ce Legas.

Ranar da zai tafi, da hantsi ya zo yi mini sallama, da ƙullin kayansa a hammata. Na ƙunsa masa dambu a ganye. Motar Kano ta cika, ɗan kamasho na bugun ƙofa. Ya sa ƙafa ɗaya a kan matakala, sai ya tsaya, bai waiwaya ba, ya yi ƙasa da murya.

"Gwaggo, yana kallona?"

Na duba gindin dalbejiya. Zakariya na tsugune ya ba mu baya, yana fama da sarƙar babur ɗinsa da ta zame, hannu duk baƙin mai.

Na ce, "Ba ya kallonka, Arzika. Bai ma san ana tsere ba, kai kaɗai kake ta gudu. Hau, mutane na jira. In Allah Ya ba ka wani abu a can, kar ka aiko wa Saude da takarda ko ta wane sarki ce. Aiko mata da buhu."